Takalmin Hagu na Goggo Noeline

Ranar Talata ce, farkon watan Yuni, lokacin da sanyi ke shigowa a ƙasarmu. Gari ya waye da farin hazo kwance a kan kogi, iska kuma tana gangarowa daga tudu a hankali, mai sanyi, ɗauke da ƙaurin gonakin raken da aka ƙone jiya. Irin wannan iskar ce ke gyara wa teku fuska. Tun ina kwance a ɗakin tarkace na bayan gidan Goggo Noeline na san ruwa ya girma. Ba rugugi yake ba. Numfashi yake ja, dogo, ya yi shiru, ya sake ja.

Jakata tana ɗaure a bakin ƙofa. Jirgin kamun jatan lande zai tashi zuwa arewa da hantsi idan ruwa ya cika, kuma mai jirgin ya ce akwai gurbi in ina so. Ina so. Kullum ina so. Tun da na bar makaranta ina shekara sha biyar na yi yankan ayaba, na yi wankin kwanuka, na bi masu rufin gidaje, babu inda na cika shekara. Goggo kan ce an halicce ni ba gindin zama. Abu ɗaya ne ban taɓa gajiya da shi ba: in sa takalman iyo, na roba masu faɗin baki kamar ƙafar agwagwa, in fita bayan raƙuman ruwa, in hau su da ƙirjina, ba katakon hawan ruwa ba komai.

Goggo Noeline yayar mahaifina ce. Ta wuce saba'in, kuma tun kafin a haife ni take hawan ruwan bakin dutsen garinmu a kan katifar iska, wata 'yar baƙar aba da take hurawa da baki. Ba ta cika ta da iska, tana barinta har tana lanƙwashewa a hannu kamar tsohon matashin kai. A tudu Goggo tana ɗingishi, don idon sawunta na hagu ya taɓa karyewa, ya ɗore a kumbure. A ruwa kuwa ba wanda ya taɓa ganin ɗingishin.

Sai makon jiya wani raƙumi ya tuɓe mata takalmin hagu. Da ƙafa ɗaya ta kasa cin ƙarfin jan ruwa, ya tafi da ita har bakin kogi. Wani mai kamun kifi ne ya dawo da ita gida a motarsa, lulluɓe da bargo. Kafin la'asar labari ya kai wa 'yarta, Yaya Tamsin, wadda ke aikin jinya a wani gari can cikin tudu, inda ba ruwan da ya fi na bahon wanka girma. Ta zo da shirinta, har ta gyara ɗaki a gidanta ta shafa masa fenti. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: yau Yaya za ta hau kan dutse ta gani da idonta. In Goggo ta fita ta dawo da kanta, a bar ta a gidanta. In kuwa sai an ciro ta, to a fara haɗa kaya.

Na tarar da su a kicin. Goggo tana shafa wani baƙin mai mai gishiri da ake ci a nan a gasasshen burodi, Yaya kuma ta ajiye kwali a kan tebur.

"Buɗe mana, Mama."

Takalman iyo ne sababbi, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, dogaye, suna warin shago.

"Lambar takalminki na bakin ƙofa na duba," in ji Yaya. "Mai shagon ya ce waɗannan suka fi ƙarfin turi. Ga maɗaurinsu ma. Ba ruwan da zai sake cire miki su."

Na ɗauki ɗaya na gwada lanƙwasa bakinsa. Da kyar ya motsa. Na buɗe baki zan yi magana, Goggo ta taka ni ta ƙarƙashin tebur.

"Sun yi kyau, 'yar nan," ta ce. "Ko daga jirgin sama za a hango ni."

"Ai abin da nake so ke nan."

Ta sa su a nan tsakar kicin, da busasshiyar ƙafa, ta ɗan taka fat-fat muka yi dariya. Na dama ya zauna daidai. Na hagu sai da ta cije leɓe. Yaya ba ta gani ba, tana zuba shayi a gora.

Ba a zaɓen takalmin iyo a kicin, ba a zaɓensa da lambar takalmin zuwa kasuwa. Da jiƙaƙƙiyar ƙafa ake gwadawa, a bakin ruwa, kuma kowace ƙafa da abin da take so. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san haka. Yaya ma ta taɓa sani kafin ta tafi. Amma wa zai dubi fuskarta a safiyar nan ya ce mata ta mayar da kwalinta?

A saman hanyar da ke gangarawa rairayi akwai shingen waya, a jikinsa ake rataye duk takalmin da teku ya tofo. Marayu ne duka, hagu ba dama, dama ba hagu, rana ta cinye musu launi. Al'adar ita ce in ruwa ya ci maka ɗaya ka zo ka zaɓi wanda ya yi maka, in ka tsinci wani kuma ka rataye. Rabin masu shiga ruwan bakin dutse ƙafafunsu ba sa kama da juna. Nawa ma haka suke: na dama shuɗi ne gajere mai ɗan tauri, na hagu baƙi ne daga shinge, tsoho, mai faɗin baki, ya yi laushi kamar kunnen kare.

Baba Merv yana zaune a kan kifaffen bokiti a jikin shingen. Tsohon makanike ne, ya daina shiga ruwa tun da aka sa masa ƙarfe a ƙugu, amma bai daina zuwa ba.

"Kai! Noeline, ayaba kika rataya a hannu?"

"Rufe mana baki, tsohon kwaɗo. Kyautar 'yata ce."

"Ni kuwa na ajiye miki wani a can ƙarshe, mai laushi, daidai gurguwar ƙafar nan taki."

"Mama ba za ta sa shara ba, Baba Merv," in ji Yaya. "Na shingen nan ne ya zame mata makon jiya."

Baba Merv ya dube ni. Na dubi teku.

"Kai kuma, sarkin tafiya, na ji yau arewa aka nufa. Yaushe za mu sa ido mu ga ka dawo? Jibi?"

"Wannan karon sai ka gan ni da gemu, Baba."

"Haka ka ce lokacin ayaba."

Yaya ta rataya madubin hangen nesa a wuya ta nufi kan dutse, Baba Merv ya dogara sanda ya bi ta. Ta yi 'yan taku ta juyo.

"Kieran, ka shiga, amma kada ka taɓa ta. Ko gefen katifarta ka riƙe, zan gani."

"Ni raƙumi ɗaya kawai zan hau in fito, Yaya. Jirgi ba ya jira."

Muka shiga da baya-baya, yadda mai takalmin iyo ke yi. Ruwan ya fi iska ɗumi, yana fitar da tururi, rana kuma ta fito daga cikinsa jajawur ta shimfiɗa hanya mai ƙyalli har bakin ƙafafunmu. Goggo ta kwanta a katifarta ta bi hanyar. Ni ina nutsawa ƙarƙashin kumfa ina fitowa.

Akwai wani wuri bayan inda ruwa ke karyewa, in ka kai can duniya kan rage murya. Raƙuma na zuwa daga nesa, daga inda babu ƙasa ko ɗaya, su ɗaga ka a hankali har ka ga rufin gidajen gari da hayaƙin rake yana tsaye kamar ginshiƙi, su sauke ka ka rasa komai sai koren ruwa gaba da baya. Nakan kwanta rigingine a wurin in manta da jaka, in manta da aiki, wani lokaci har sunana ya yi mini nisa. A ƙarƙashi rairayi na tashi yana kwanciya kamar labulen da iska ke wasa da shi. Na daɗe a haka, ban san iya daɗewar ba.

Da na ɗaga kai sai na ga Goggo tana tafiya a karkace. Ƙafar dama tana turi, ta hagu tana jan jiki kawai, katifa tana ta kaucewa zuwa wajen jan ruwan da ya tafi da ita makon jiya. Na yi iyo na cim mata.

"Goggo, ina za ki? Ga bakin dutse nan."

"Na san inda yake. Ni na ajiye shi a wurin."

Leɓenta ya yi fari. Ta kifa kumatu a kan katifa tana haki.

"Ƙafar ta mutu, ɗan nan. Ya shaƙe ta. In na tura kuma kamar ƙofar gida aka ɗaura mini."

"To mu koma."

"Mu koma ina? Ɗakin da ta shafa wa fenti ruwan hoda?"

Ta yi dariya, ruwa ya shiga bakinta, ta tofar. Wani raƙumi ya ɗaga mu tare, na hango Yaya a kan dutse, 'yar ƙarama kamar tsinke, da Baba Merv a gefenta yana nuna wani abu da sanda. Aka sauke mu.

"Ka san wani abu?" in ji Goggo a hankali, ba ni take kallo ba. "Tun rasuwar mijina, Kawunka Des, ba na mafarki a gado. Ko ɗaya. Sai a nan. In na kwanta a kan abin nan ruwa ya ɗauke ni, shi ke nan, ina gani, ina ji. In aka kai ni can, barci kawai zan riƙa yi."

Na dubi dutse. Rana tana bayanmu, duk wanda ke can sama ƙyalli kawai yake sha a ido. Na jira babban raƙumi ya wuce ya tsaya tsakaninmu da tudu, na ja numfashi na nutse.

A ƙasa haske kore ne, ba ƙara sai wani ɗan ƙas-ƙas daga duwatsu. Ƙafafun Goggo na reto a samana, takalman suna haskawa kamar fitilu biyu. Na kwance maɗaurin na hagu na ja. Ya ƙi. Na fito na sha iska na koma, na sa yatsa ta dunduniya na murɗa, ya fita. Ya bar mata zobe a idon sawu kamar sawun igiya. Na kwance zaren da nake ɗaure baƙin takalmina da shi, na tuɓe, na zura mata. Ƙafar gidanmu faɗi gare ta, kumburin kuma ya cike abin da ya rage. Ya zauna kamar don ita aka yi. Na ɗaura zaren na fito.

"Ya kika ji?"

Ta motsa ƙafar, ta sake motsawa. Ta lumshe ido.

"Af. Ga ƙafata ta dawo. Ina ka samo wannan?"

"A shinge."

"Shara ke nan," ta ce, tana murmushi. Sannan ta buɗe ido. "Kai fa?"

Na gwada sa rawayan, yatsuna kawai suka shiga. Na riƙe shi a hannu.

"Ni da ƙuruciyata, ƙafa ɗaya ta ishe ni."

"Ƙarya kake. Ni ma haka na ce makon jiya."

Amma ta riga ta juya, don ta ga abin da ke zuwa. Ta koma saitin bakin dutse a miƙe, ba karkata. Ta ciji bakin katifa ta saki 'yar iska, ta matse kusurwar gaba da hannu, ta jira. Raƙumin ya taso dogo, santsi, hazo yana zamewa daga bayansa. Ta tura da rawayan dama, mai taurin ya ba ta ƙarfi, ta sake turawa, ruwa ya karɓe ta.

Na bayansa ya ɗaga ni, sai na gan ta daga sama. Ba ta iyo kuma. Tana kwance shiru, kanta ƙasa, farin gashinta a manne, baƙin takalmin yana ja a jikin bangon ruwa yana mata linzami, yana zana siririn layi a bayanta. Katifa tana rawa a ƙarƙashinta kamar mai rai. Ruwa ya rufa a bayanta, ta wuce. Ya sake rufawa, ta sake wucewa. Ta yi ta ƙanƙancewa tana shiga hazo, sai ɗan rawaya ke leƙowa yana ɓacewa, har na daina ganinta.

Na ce bari ni ma in bi na gaba in fita, in kama jirgi. Amma mai hawa da ƙirji ba shi da komai sai ƙafa, kuma ƙafa ɗaya ba ta ba ni gudun da nake bukata ba. Na makara. Raƙumin ya ɗauke ni ta leɓensa ya jefa ni ƙasa, ya murje ni a rairayi, ya fizge rawayan daga hannuna. Na buɗe ido a ƙarƙashi na gan shi yana juyi a hankali yana nitsewa, kamar ganyen da ba ya gaggawar isa ƙasa. Irin masu taurin nan ba sa tasowa.

Da na fito, jan ruwa ya riga ya kama ni. Ban yi gardama da shi ba. Na kwanta rigingine na bar shi. Gari ya yi ta wucewa ta gefen idona, shagon kifi, hasumiyar masu ceto, itatuwan bakin rairayi, kowanne yana zamewa kamar ba nawa ba. Kunnuwana suna cikin ruwa, na ji wani kuka daga nesa, siriri, yana hawa yana sauka: manyan kifayen teku ne masu feshin ruwa ta saman kai, da ke wucewa arewa duk lokacin sanyi. Kowa arewa ya nufa. Na yi tunanin in na ci gaba da kwanciya ni ma zan isa, ba jaka, ba jirgi.

A tsibin rairayin bakin kogi ruwa ya sake ni. Na miƙe ke nan, ruwa iya gwiwa, sai ga jirgin jatan lande yana fitowa daga kogi, kusa har ina jin warin mansa. Wani a kansa ya ɗaga mini hannu, bai san ko wane ne ba. Na ɗaga masa takalmina guda.

Tafiya ce mai nisa komawa shinge. Na tarar da su zaune suna shan shayi. Goggo tana lulluɓe da tawul, idonta yana can wani wuri bai gama dawowa ba. Yaya tana riƙe da baƙin takalmina tana lanƙwasa shi tana saki.

"Ta shiga da rawaya biyu, ta fito da ɗaya," ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Baba Merv kuma ya dame ni, ga mai feshi can, ga wani can. Kun ɗauka makauniya ce ni?"

"Wallahi na ga feshi," in ji Baba Merv.

"Takalmi kawai na canza mata, Yaya," na ce. "Iyon nata ne."

Ta dubi zoben da ke idon sawun uwarta, ya fara yin shuɗi.

"Tun daga bakin dutse har gaban shagon kifi," ta ce. "Na manta yadda take tafiya. Ina ƙarama nakan tsaya a can sama in ce wa yara, waccan uwata ce." Ta goge hanci da bayan hannu, muryarta ta dawo ta aiki. "Amma makon jiya ba wanda ya nutsa ya ɗaura mata komai. Zan bar ta, Mama, kin ji na ce zan bar ki. Sharaɗi ɗaya: ba ki shiga ke kaɗai. Kullum da mutum a gefenki, mai ƙafa biyu. Ran da aka rasa mutum, ɗaki yana nan."

"Kada ku dube ni," in ji Baba Merv. "Da ƙugun nan sai dai a ɗaura ni a jirgi in zama anga, ƙarfen tsayar da shi."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Yaya ta juyo gare ni.

"Ban ce kai ba, Kieran. Jirginku zai tsaya shan mai a gaba gobe. In kana so in kai ka tashar mota yanzu, ka cim masa."

"Tafi abinka, ɗan nan," in ji Goggo. "Kada ka zauna don tsohuwa, gobe ka zo kana hararata a kan burodi."

Na dubi arewa. Jirgin ya zama ɗigo, hazo ya kusa haɗiye shi. Ƙafafuna suna so su bi shi, na ji su sarai. Sai wani raƙumi ya taso a bakin dutse, ba kowa a kansa, ya yi ta warwarewa shi kaɗai har gaban shagon kifi. Goggo ta bi shi da ido tun farko har ƙarshe, yatsunta suna matse gefen tawul.

Na tashi na bi shinge ina taɓa marayun ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya tsage a dunduniya. Wannan na dama ne. Wannan ya bushe kamar katako. Can wajen ƙarshe na sami wani kore, na hagu, mai faɗin baki, na lanƙwasa shi ya dawo a hankali.

"Ina kuma za ka?" in ji Yaya.

"Bakin ruwa. Sai na jiƙa ƙafa zan san ko ya yi."

"Ni da na ce jibi," in ji Baba Merv a bayana. "Ashe ma yau ne. Ina gemun?"

Abin da aka rasa a ranar: takalmi rawaya ɗaya, na hagu, sabo, har yau bai fito ba. Baƙin takalmina, don Goggo ta ƙi mayar mini. Fatar kafaɗata ta dama, rairayi ya cinye. Gurbi ɗaya a jirgin jatan lande. Da fentin ɗaki guda, ruwan hoda, wanda ba a kwana a cikinsa ba.